Kofuna biyun Hakeem Olajuwon: ƙarfinsa ne, ko tafiyar Jordan ce ta buɗe masa ƙofa?

Dogon Yaro: Salamu alaikum jama'ar zaure. Ina da maganar da na san wasu ba za su so ta ba, amma zan faɗa. Ana yawan zuzuta Hakeem Olajuwon a nan, har wasu na sa shi cikin goman farko a tarihin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka. To kofunansa biyu ne, 1994 da 1995, kuma duka biyun sun faɗo ne daidai lokacin da Michael Jordan ya ajiye ƙwallon kwando ya tafi wani wasan. Kafin nan Jordan da ƙungiyarsa Chicago Bulls ya ci uku a jere, da ya dawo ya sake cin uku a jere. Ashe ba gurbi aka bar masa ya riƙe ba? Ku fahimtar da ni.

Ummita: Wa'alaikumus salam. Yau kuma da Hakeem ka tashi? Allah ya kawo Kawu Sale.

Sadik Lissafi: Kafin Kawu ya iso, bari in gyara abu ɗaya. A 1995 Jordan yana fili. Ya dawo a watan Maris na shekarar, a wasansa na biyar da dawowa ya zuba wa New York Knicks maki 55. Ya buga wasannin fitar da gwani, yana cin sama da maki 31 a kowane wasa, Orlando Magic suka fitar da shi a wasa shida. Orlandon nan kuma su ne Houston Rockets, ƙungiyar Hakeem, ta share 4 da 0 a zagayen ƙarshe. Don haka idan kana da ƙorafi, a kan 1994 kaɗai zai tsaya.

Dogon Yaro: Haba Sadik, mutumin da ya yi shekara ɗaya da rabi bai taɓa ƙwallo ba shi za ka ce yana fili? Ga shi Horace Grant ya bar su ya koma Orlando, Dennis Rodman bai zo ba tukuna. Da suka shirya a kakar da ta biyo baya wasa 72 suka ci cikin 82.

Sadik Lissafi: To ai ka ga ka fara ba wa Jordan uzurin rashin abokan wasa. Riƙe wannan uzurin da kyau, za a buƙace shi idan an zo kan Hakeem.

Kawu Sale: Na iso. Dogo ɗana, tambayarka ba ta banza ba ce, Amurkawa ma sun daɗe suna yin ta. Amma ka faro labarin daga tsakiya, shi ya sa ya zo maka a karkace.

An haifi mutumin nan a Legas ranar 21 ga Janairun 1963, iyayensa 'yan kasuwar siminti ne. Yana yaro gola yake tsayawa a ƙwallon ƙafa, yana kuma buga ƙwallon hannu. Sai da ya kai shekara 15 sannan ya fara ƙwallon kwando. Ka tsaya ka auna wannan. Yaran da zai je ya kara da su a Amurka tun suna 'yan shekara shida bakwai suke dunƙule da ƙwallon nan. Shi kuwa a 1980 ya sauka a Jami'ar Houston wajen koci Guy Lewis, shekarar farko ma bai buga wa makarantar wasa ko ɗaya ba. Shekara ta biyu daga benci yake tasowa, ya yi ta yin ƙeta ana fitar da shi, numfashi bai ishe shi ba.

Abin da ya gyara shi Moses Malone ne. Lokacin Moses yana Houston Rockets, shi ne dodon 'yan tsakiya, wato dogayen da ke tsayawa kusa da kwando, a NBA. Da hutu sai su haɗu a wani zauren wasa na cikin gari mai suna Fonde, Moses ya yi ta tura shi yana bangaje shi ba sani ba sabo. Wanda ya saba da ƙirjin Moses Malone, ɗaliban jami'a ba za su ba shi tsoro ba. Sau uku a jere shi da makarantarsa suka kai matakin ƙungiyoyi huɗun ƙarshe na gasar jami'o'i, 1982 zuwa 1984. Biyun farko tare da Clyde Drexler. A 1983 North Carolina State ta doke su 54 da 52 a daƙiƙar ƙarshe, amma duk da haka shi aka ba wa gwarzon gasar, alhali ƙungiyarsa ce ta sha kashi. A 1984 Patrick Ewing da Georgetown suka doke su a wasan ƙarshe. Ka riƙe sunan Ewing, za mu sake haɗuwa da shi.

Sai zaɓen sababbin 'yan wasa na 1984. Houston ta ɗauke shi a lamba ta ɗaya, Portland ta ɗauki Sam Bowie a ta biyu, Chicago ta ɗauki Jordan ɗinka a ta uku. Har gobe ana yi wa Portland dariya a kan Bowie. Ka taɓa jin mai hankali ya yi wa Houston dariya a kan Hakeem?

Ummita: Wannan tambayar ta ƙarshe ita ce ta gama da ni wallahi.

Dogon Yaro: Kawu na ji, kuma ban raina ƙoƙarinsa ba. Amma daga 1984 zuwa 1994 shekara goma ce. Ina yake duk tsawon lokacin?

Kawu Sale: Yana nan. A shekararsa ta biyu, 1986, shi da Ralph Sampson suka fitar da Lakers ta Magic Johnson da Kareem Abdul-Jabbar 4 da 1, alhali Lakers ke riƙe da kofi. Suka je wasan ƙarshe, Boston ta Larry Bird ta doke su 4 da 2, kuma Boston ta wannan shekarar tana cikin ƙungiyoyi mafi ƙarfi da aka taɓa haɗawa. Wato ya riga Jordan zuwa wasan ƙarshe da shekara biyar.

Daga nan ƙungiyar ta wargaje a hannunsa. Gwiwoyin Sampson suka lalace, aka sayar da shi a ƙarshen 1987. Mitchell Wiggins da Lewis Lloyd, NBA ta dakatar da su a kan hodar iblis. Aka bar shi shi kaɗai yana jan kaya. Akwai wasan da ya ci wa Seattle maki 49 ya cafke ƙwallo 25 daga kwando a 1987, aka yi ƙarin lokaci har sau biyu, kuma aka fitar da su a daren. Shekara huɗu a jere bayan nan a zagayen farko ake koro su. Chicago kuwa a lokacin tana ɗauko Scottie Pippen da Grant, ta kawo koci Phil Jackson.

Koci Bashir: Kawu, ka yi haƙuri in ɗan saɓa maka a nan, don kada mu mai da shi waliyyi. Ba duka laifin ƙungiya ba ne. Hakeem na shekarun 1980 mutum ne mai zafin zuciya, kuma ƙwallo idan ta shiga hannunsa ba ta cika fitowa ba. Ko wasan da suka fitar da Lakers a 1986, ai ba ya fili a ƙarshe, an kore shi saboda dambe da Mitch Kupchak, Sampson ne ya jefa ƙwallon da ta raba gardama. Mutum uku za su rufe shi, ga abokin wasansa can a sake yana ɗaga hannu, shi kuwa sai ya yi tsalle ya jefa abinsa. Sau da yawa ta shiga, shi ya sa ba a cika yi masa faɗa ba. Amma ba a cin kofi a haka.

Abin da ya sauya a wajena abu biyu ne, kuma kusan tare suka zo. Na farko shi kansa ya nutsu, ya koma ga addininsa sosai, a 1991 ne ma ya gyara rubutun sunansa daga Akeem zuwa Hakeem. Na biyu Rudy Tomjanovich ya karɓi ƙungiyar a 1992 ya shimfiɗa tsari mai sauƙi: a ba Hakeem ƙwallo kusa da kwando, a jera masu jifan nesa a bayan layin maki uku, Kenny Smith da Vernon Maxwell da Robert Horry, daga baya Mario Elie da Sam Cassell. Idan mutum ɗaya aka bar masa, ya cinye shi. Idan aka ƙaro na biyu, ya cilla wa wanda aka bari. Ku duba alƙaluma, ƙwallon da yake miƙawa a ci ta tashi daga wajen biyu a wasa zuwa uku da rabi a kakar 1992-93, kuma makinsa bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi zuwa 26. Wannan tsarin na dogo ɗaya a ciki, huɗu a waje, yau kowa na yin sa. A lokacin baƙon abu ne.

Kawu Sale: Ban musa ba Koci. Sai dai ka tuna ko a 1992 ɗin saura ƙiris a rabu. Shugabannin ƙungiyar sun zarge shi da ƙaryar ciwon cinya saboda rigimar kwantiragi, suka dakatar da shi, shi kuma ya ce a sayar da shi. A cikin jirgi kan hanyar Japan, inda za su buɗe kaka da Seattle, suka zauna da mai ƙungiyar Charlie Thomas suka sasanta. Da an sayar da shi a lokacin, da yau wata muhawarar muke yi.

Sadik Lissafi: Dogo, ga uzurin da na ce ka riƙe. A kakar 1993-94 babu ɗan Houston ko ɗaya da aka zaɓa wasan taurari ban da Hakeem. Ya ɗauki gwarzon kaka, ya ɗauki gwarzon mai tsaro, ya ɗauki gwarzon wasan ƙarshe, duka a shekara ɗaya. Jordan ya haɗa biyun farko a 1988, Giannis Antetokounmpo ma a 2020, amma babu wanda ya haɗa ukun a kaka guda sai shi.

Wasan ƙarshe da Knicks har wasa bakwai aka yi, kuma babu wasan da wata ƙungiya ta kai maki 100. Hakeem yana cin kusan 27 a wasa, Ewing, wanda yake Knicks a lokacin, bai kai 19 ba. A wasa na shida Knicks na gaba 3 da 2, saura daƙiƙu, Houston na gaba da maki biyu, John Starks ya tashi jifan maki uku da zai ba New York kofi. Hakeem ya baro mutuminsa, ya ɗan zame ma, ya miƙe ya taɓa ƙwallon da kan yatsunsa. 86 da 84. Wasa na bakwai 90 da 84.

Dogon Yaro: To ai Knicks ɗin nan su ne Jordan ke fitarwa duk shekara. Ka ga maganata ta dawo.

Sadik Lissafi: Ta dawo, kuma babu mai iya rantse maka cewa Houston za ta doke Chicago mai Jordan a 1994. Abin da muke da shi kawai: a kakanni ukun da Chicago ta ci kofunanta na farko, sun haɗu da Houston sau shida, Houston ta ci biyar. Wasannin kaka ne ba na fitar da gwani ba, na sani. Amma Chicago ba ta da ɗan tsakiyar da zai tsaya masa, kuma a kofunan Jordan shida babu inda ya gamu da dogo irin wannan a wasan ƙarshe.

Baban Walid: Ni fa a bar batun 1994. Wanda bai kalli abin da ya yi wa David Robinson na San Antonio a 1995 ba, bai ga ƙwallon kwando ba.

Ummita: Koci don Allah ka ba shi labarin, kai ka fi iya warware shi.

Koci Bashir: Houston ta gama kakar 1994-95 da nasara 47 kacal, ta shida a yankin Yamma. Sun ba da Otis Thorpe sun karɓo Drexler a Fabrairu, mutane da yawa na cewa sun yi wauta. Babu zagaye ko ɗaya da suka fara a gida. Utah mai nasara 60, suka fitar da ita 3 da 2. Phoenix mai 59 ta yi gaba 3 da 1, suka farke suka ci uku a jere. Sai San Antonio mai 62, wadda ta fi kowa a kakar, kuma Robinson ne sabon gwarzon kaka. A gaban Hakeem aka miƙa masa kyautar kafin wasa na biyu. A daren Hakeem ya ci 41. Makinsa a wasanni shidan: 27, 41, 43, 20, 42, 39. Robinson kuwa bai kai 24 a wasa ba, kuma fa Robinson tsohon gwarzon mai tsaro ne, ba kanwar lasa ba.

Akwai motsi ɗaya a wasa na biyun da nake sa yarana su kalla a hankali. Ya karɓi ƙwallo can gefen hagu, nesa da kwando, inda dogo ba ya tsayawa. Ya buga ta ƙasa ya sauya hannu kamar ƙaramin ɗan wasa, ya nufi layin baya. Da ya iso ƙarƙashin kwando sai ya miƙa ƙwallon da hannu ɗaya kamar zai ajiye ta, Robinson ya biyo. Ya janye ta, ya juya a kan ƙafa ɗaya ya ba kwando baya, ya ɗaga kafaɗu kamar zai yi tsalle ya jefa. Robinson ya tashi sama gaba ɗaya. Shi kuwa ƙafarsa ba ta bar ƙasa ba, sai ya sunkuya ya ratsa ta ƙarƙashin hammatarsa ya ajiye ƙwallon a kwando cikin ruwan sanyi. Ruɗi uku cikin daƙiƙa biyu ko uku.

Wannan shi ake kira Dream Shake. Mutane na kallon hannu da kafaɗa, amma aikin duka a ƙafa yake. Ƙafar da ya kafa ba ta gusawa, don haka alƙalin wasa ba shi da abin hurawa. Kuma kowane ruɗi jifa ne na gaske da zai iya yi: idan ba ka tashi ba zai jefa ta shiga, idan ka tashi ya wuce. Shi da bakinsa ya sha cewa ƙwallon ƙafa ce ta ba shi wannan ƙafar, tsaron gida kuma ya koya masa lokacin da ake tashi a kaɗe ƙwallo. Ni har ina ganin jinkirin da ya yi bai fara da wuri ba ya taimake shi. Da tun yana ɗan shekara takwas wani koci ya kama shi, da an ce masa kai dogo ne, tsaya nan ƙarƙashin kwando kada ka motsa.

Baban Walid: Sannan ya je ya haɗu da Shaquille O'Neal na Orlando a zagayen ƙarshe yana ɗan shekara 23, shi yana 32. Maki 31, 34, 31, 35. Wasan farko shi ya tura ƙwallon nasara ana saura ƙasa da daƙiƙa ɗaya a ƙarin lokaci.

Dogon Yaro: Wasan farkon nan dai Nick Anderson na Orlando ne ya ba su kyauta. Jifa huɗu a jere shi kaɗai ba mai tare shi, ko ɗaya ya shiga an gama. Kuma Shaq ma 28 yake ci a wasa, ba a murƙushe shi kamar Robinson ba.

Baban Walid: Gaskiya ne. Sauran ukun kuma wa ya ba su kyauta?

Maman Ilham: Ku bar ni in sako nawa. Ni abin da ya sa nake ganin girmansa shi ne yadda ya ci kofunan nan yana azumi. Wasan ƙarshe, ba ci ba sha, kuma ya fi kowa.

Malam Habu: Hajiya, a nan akwai ɗan gyara, don labarin yana yawo a haka. Wasannin ƙarshe na NBA a watan Yuni ake yi. Azumin 1994 da na 1995 kuwa a Fabrairu zuwa Maris suka faɗo, wato tsakiyar kaka. Don haka bai buga wasan ƙarshe da azumi a baki ba. Abin da ya tabbata shi ne ya yi azumi yana buga wasannin kaka, kuma a Fabrairun 1995, watan da kusan dukkansa Ramadan ne, shi NBA ta zaɓa gwarzon wata. Yawancin wasanni da dare ake yi, rana kuma tana faɗuwa da wuri a wannan lokacin, to yakan sami damar buɗa baki kafin a fara. Mai wuyar shi ne wasan rana, irin na ranar Lahadi da ake nunawa a talabijin, wanda zai yi minti arba'in yana gudu ko ruwa bai kurɓa ba. Ga atisayen safe, ga tafiye-tafiye. Kuma matafiyi yana da rangwame a shari'a, shi ne ya zaɓi ya yi. Abin ya isa abin yabo yadda yake, ba sai an ƙara masa gishiri ba.

Maman Ilham: To Malam, ko a hakan ma ai ba ƙaramin abu ba ne. Kuma ba azumin kaɗai ba. Lokacin da taurari ke sa sunansu a takalman dala ɗari da wani abu, shi da kamfanin Spalding ya yi nasa, dala 35. Dalilinsa shi ne uwa mai 'ya'ya uku da ƙaramin albashi ba za ta iya sayen masu tsadar ba, kuma yara har sata da kisa suke yi a kan takalmi. Ni uwa ce, wannan ya fi min Dream Shake ɗinku.

Malam Habu: Haka ne. Kasuwancin filaye da gine-ginen da ya yi a Houston ma da kuɗi hannu yake saye, ba ya cin bashin banki saboda gudun kuɗin ruwa. Ya sayi wani tsohon ginin banki a tsakiyar birnin aka mai da shi masallaci da cibiyar da'awa. Da ƙungiyar ta tashi karrama shi a ƙofar filin wasanta a 2008, ba a sassaƙa siffarsa ba, rigarsa mai lamba 34 aka yi da tagulla, saboda bai yarda da mutum-mutumi ba. Bayan ritaya kuma ya zauna a ƙasar Jodan yana karatun addini.

Ɗan Gambo: Duk na ji, amma ni inda nake da ciwo daban ne. Muna ta cewa namu ne namu ne. Da aka zo gasar Olamfik ta 1996 a Atlanta rigar wa ya sa? Ta Amurka. Ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa a 1993, har sai da FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, ta yi masa sassauci saboda ya taɓa buga wa matasan Najeriya. Wato nema ya yi. Zinaren nan a lissafin Amurka yake.

Ummita: Yaya Gambo, to wace Najeriyar zai buga wa a Atlanta? Ƙungiyar maza ta Najeriya ba ta taɓa zuwa Olamfik ba sai 2012.

Ɗan Gambo: Ai shi ya sa. Da ya tsaya mana a gasar Afirka a shekarun 1990, da wataƙila ba mu jira har 2012 ba, kuma da ba sai 2015 za mu fara ɗaukar kofin Afirka ba. Dirk Nowitzki ya yi wa Jamus, Yao Ming ya yi wa Sin, Manu Ginobili ya ci wa Ajantina zinare a 2004.

Kawu Sale: Gambo, ciwonka na gaskiya ne, ni ma na ji shi a lokacin. Amma waɗanda ka lissafo duk ƙasashensu ne suka raine su, suka taso a ƙungiyoyin gida, akwai hukuma mai tsari da inshora da sansanin horo. Hakeem shekara biyu kacal ya yi yana wasan a gida ya tafi, komai nasa a Houston aka gina shi. Sannan har zuwa 1989 'yan NBA ba su da izinin buga wa ƙasa wasa sam. Ban ce ya kyauta ba, ban kuma ce ya ci amana ba. Abin da na sani shi ne bayansa ne masu farautar 'yan wasa suka fara kallon Afirka da gaske.

Ɗan Gambo: Kawu wannan bayani ne, ba hujja ba. Ni dai ban gamsu ba.

Kawu Sale: Ba dole.

Sadik Lissafi: Mu koma kan tambayar Dogo, don akwai ɓangaren da ba a taɓa ba, wato tsaro. Ƙwallon da ya kaɗe a rayuwarsa ta NBA 3,830, babu wanda ya kai shi, na biyu Dikembe Mutombo yana da 3,289. Gaskiya sai a kakar 1973-74 aka fara ƙirga wannan, don haka Bill Russell da Wilt Chamberlain ba sa cikin lissafi. Amma abin da ya fi ba ni mamaki ƙwace ƙwallo ne: 2,162. Wannan aikin gajeru masu sauri ne, ba na mai tsawon ƙafa bakwai ba. A kakar 1988-89 ya haura 200 a kaɗewa ya haura 200 a ƙwacewa, shi kaɗai ya taɓa yin haka. Ranar 29 ga Maris 1990 da Milwaukee: maki 18, cafkewa 16, miƙawa 10, kaɗewa 11. Mutum huɗu ne kawai a tarihi suka kai goma a fanni huɗu a wasa ɗaya. Jimillar makinsa 26,946. Tun 2022 kofin gwarzon mai tsaro na NBA sunansa yake ɗauke da shi. Duk wannan Jordan na nan aka yi yawancinsa.

Dogon Yaro: To bayan Jordan ya dawo sosai fa? 1996 Seattle ta share su 4 da 0. 1997 ga Charles Barkley ga Drexler, Utah ta fitar da su. 1999 har Pippen aka kawo masa, zagayen farko suka faɗi.

Koci Bashir: A 1997 yana da shekara 34, Barkley 34, Drexler yana dab da 35. Tsofaffi uku aka tara. Seattle kuwa dama ita ce ƙashin wuyansa tun 1993, kocinsu George Karl yana turo masa mutum biyu tun kafin ƙwallo ta iso shi. Wannan aibi ne na gaske a tarihinsa, ban ɓoye ba. Abin da ni ban so ba shi ne ƙarshen. Shekara 17 a Houston, sai a 2001 aka kasa daidaitawa a kan kuɗi ya tafi Toronto, ya yi kaka ɗaya yana cin maki bakwai a wasa, ciwon baya ya tsayar da shi. Rigar Toronto ba ta yi masa kyau ba ko kaɗan.

Baban Walid: Amma ka duba su wa suka riƙa zuwa gidansa ɗaukar darasi bayan ya bari. Kobe Bryant a 2009, yana da zoben cin kofi huɗu a hannu. Dwight Howard. LeBron James a 2011 bayan Dallas ta kunyata shi, shekara mai zuwa ya ci kofinsa na farko. Har Giannis ya je.

Koci Bashir: Kobe ne ya fi amfana, don dama yana da ƙafar. Dwight kuwa ya je ya dawo kusan yadda yake. Abin ba a kwana uku ake ɗaukarsa ba.

Dogon Yaro: Shi ke nan, 1995 na sallama, hanyar da suka bi ta yi wuya ƙwarai. 1994 kuwa ina nan a kan bakata. Kuma a 'yan tsakiya har yanzu Kareem da Shaq suna gabansa a wajena, kofi shida da kofi huɗu ba wasa ba ne.

Ummita: Shaq ɗin da aka share 4 da 0?

Dogon Yaro: Shaq na 2000 nake nufi, ba yaron 1995 ba.

Sadik Lissafi: Kareem yana da Oscar Robertson sannan Magic. Shaq yana da Kobe sannan Dwyane Wade. Ka kawo min sunan na biyun Hakeem a 1994.

Dogon Yaro: Otis Thorpe.

Baban Walid: Kai Dogo, ka ji tsoron Allah.

Ɗan Gambo: Ku dai gama, ni batun rigar Amurka ban bar shi ba. Kuma tunda an ambaci Giannis, shi ma akwai magana a kansa.

Ummita: A'a Yaya Gambo, shi wannan a Atina aka haife shi, buɗe masa nasa zaren daban. Koci, wasa na nawa ne na San Antonio ka ce a nema, na biyu ko na biyar?

Koci Bashir: Na biyu don motsin da na faɗa. Amma idan cikakken wasa za ki zauna ki kalla, nemi na shida, wanda ya ci 39 ya cafke 17. Ki riƙa kallon ƙafarsa ta hagu, ki bar ƙwallon.